Da me ake auna gwanin bugu a wasan Tes?

Abban Sadiq:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Masana kurket su zo su raba gardama. Adam Voges na Ostareliya ya bar wasan Tes, wato kurket na kwana biyar tsakanin ƙasashe, da matsakaicin maki 61.87. Sachin Tendulkar yana da 53.78, Brian Lara 52.88, Viv Richards 50.23. Babu mai cewa Voges ya kai ko ɗaya cikin ukun nan, amma ga lamba ta ɗora shi a kansu. To lambar ce ke ƙarya, ko mu ne manyan sunaye suka rufe wa ido?

Malam Lissafi:
Wa alaikumus salam. Lambar ba ta yi ƙarya ba, ba a dai tone ta ba ne. Matsakaici ana samunsa idan aka raba jimillar maki da yawan lokutan da aka fitar da mutum, ba yawan shigarsa ba. Voges ya buga wasa 20, ya shiga sau 31, ya tara 1,485, an fitar da shi sau 24. Cikin makin nan, 542 a kan Wes Indis ya same su a 2015: 130, 37, 269 da 106, kuma a cikin huɗun nan sau ɗaya tak aka fitar da shi. Ka cire su, saura 943 a fita 23, wato 41 daidai. Ɗan wasa mai kyau ke nan, amma ba sa'an Lara ba.

Shi ya sa kafin a kalli matsakaici ake fara tambayar wasa nawa. Ƙasa da wasa 40 zuwa 50, rangadi ɗaya mai daɗi yana iya ɗaga lambar da maki goma ko fiye. Vinod Kambli na Indiya ya tsaya a 54.20 a wasa 17, da ɗari biyu-biyu har sau biyu a jere a 1993. Da Wes Indis suka zo Indiya a 1994 suka yi ta auna masa ƙirji da kai da gajeren jifa, sai asiri ya tonu. Bai sake buga Tes ba bayan 1995.

Koci Ɗanladi:
Malam, a yi wa Voges adalci a waccan 130 ɗin. Wasansa na farko ne, a Dominica, ƙwallo tana murɗawa, Ostareliya ta zubar da mutum shida maki bai kai 130 ba. Ita 269 ta Hobart ce ta banza. Ka ga tun daga nan ma shiga biyu a kan ƙasa ɗaya ba darajarsu ɗaya ba.

Malam Lissafi:
Na karɓa, Koci. Ga wani gwajin kuma. Lara 52.88, Shivnarine Chanderpaul 51.37, kamar kai ɗaya. Amma Lara ya shiga sau 232, shida kawai aka tashi ba a fitar da shi ba. Chanderpaul ya shiga 280, ba a fitar da shi ba sau 49. Idan aka raba maki da yawan shiga, Lara yana kawo wa ƙungiya 51.5 duk shiga, Chanderpaul 42.4. Tazarar maki tara ke nan da matsakaici ya ɓoye.

Maman Ilham:
Yallabai, a nan kam ban bi ka ba. Mutane suna ɗaukar rashin fita kamar kyauta ce ake ba masu shiga bugu na biyar da na shida. Ku duba ta ɗaya gefen. Lokacin da ya fi hatsari ga kowane mai bugu shi ne ƙwallo 20 zuwa 30 na farko, ido bai saba da haske ba, ƙafa ba ta saki ba, bai san yadda ƙwallo ke tashi a daɓen da ake jifa a kansa ba. Wanda abokan bugu suka ƙare masa yana kan 60 an ƙwace masa makin da ya fi sauƙin samu ne, gobe kuma ya koma sifiri ya sake ratsa wancan hatsarin. Don haka rashin fita ba dole ba ne ya kumbura matsakaici, wani lokaci ma tauye shi yake yi.

Abin da za a tuhumi mutum da shi daban ne: yaya yake tafiyar da 'yan baya, wato na tara, na goma da na sha ɗaya? Yana karɓar maki ɗaya a ƙwallon farko na oba, wato jerin jifa shida, ya bar mai jifa da bai iya riƙe sanda ba ya fuskanci biyar, ko yana ƙin gudu har ƙwallo na huɗu ko na biyar? Wannan ba ya fitowa a kowace lamba, sai an kalla.

Ɗan Zariya:
Gaskiyarki Hajiya. Headingley 2019, Ben Stokes da Jack Leach na Ingila sun haɗa 76 a wiket na ƙarshe, wato saura mutum ɗaya a fitar ƙungiyar ta ƙare, Leach maki ɗaya ne nasa. Haka ake raba aiki.

Koci Ɗanladi:
Bari a koma kan daɓe da ƙwallo, don a nan ne rabin gardamar take. Wasan Tes ba wasa ɗaya ba ne, ya danganta da inda aka buga.

A Ingila ƙwallon Dukes ake jefawa. Ɗinkin hannu ne, yana tsaye har wajen oba 50 zuwa 60, ga gajimare ga ciyawa, ƙwallo tana lanƙwasa a iska ta kuma kauce bayan ta taɓa ƙasa. Wanda ke miƙa hannu gaba da jikinsa yana neman ƙwallo, gefen sanda za ta ɗauka ta tafi hannun masu jiran cafe a bayansa. Maganin shi ne a jira ta har ta zo ƙarƙashin ido, a sassauta riƙon hannun ƙasa yadda ko ta taɓa gefe za ta faɗi kafin ta kai masu cafen, kuma a san inda turken waje yake, wato wanda ya fi nesa da ƙafar mai bugu cikin turaku ukun da yake karewa, a ƙyale duk abin da ya wuce shi.

A Ostareliya da Afirka ta Kudu Kookaburra ce. Ɗinkinta yana kwanciya da wuri, bayan oba 20 zuwa 25 ta yi laushi, amma ƙasar tana da tauri, ƙwallo tana tashi. A Perth ko Brisbane akwai ƙwallon da ta nufi turke sak amma gwani zai ɗaga sanda ya ƙyale ta, don ya san daga inda ta sauka ta saman turaku za ta wuce. Baƙo daga Asiya da ya saba ƙwallo na zuwa gwiwa, sai ya kai mata sanda a tsayin ƙugu, ta daki kafaɗar sandar.

A Indiya kuma SG ce, daɓe busasshe, rana ta uku ya fara farfashewa, sawun masu jifa ya zama rami a gaban mai bugun hagu. A can ƙafa ce komai: ko ka fito gaba sosai ka tare ta inda ta sauka kafin ta juya, ko ka koma baya sosai ka ga juyin ka buga. Tsayawa tsakiya shi ne mutuwa.

To duk wanda za a kira gwani, a raba makinsa gida uku haka a ga ko akwai inda ya rushe. Mahela Jayawardene yana da 374 a Colombo a 2006, matsakaicinsa a gida ya kusa 60, a waje bai wuce arba'in da 'yan kai ba. David Warner ya ci 335 a kan Pakistan a Adelaide a ƙarshen 2019, alhali watanni kaɗan kafin nan a Ingila maki 95 ya haɗa a shiga goma, Stuart Broad ya fitar da shi sau bakwai, yana zuwa masa ta gefen turaku yana kawo ƙwallo ciki sannan ta kauce. Mutum ɗaya, shekara ɗaya.

Abban Sadiq:
Koci, idan haka ne ai kowa yana da inda ya rushe. Ricky Ponting fa? Wasa 168, maki 13,378, ɗari sau 41, amma a Indiya matsakaicinsa bai kai 30 ba. Mu cire shi daga sahun manya?

Koci Ɗanladi:
Ba za a cire shi ba, amma za a rubuta masa. A 2001 maki 17 ya samu a shiga biyar, Harbhajan Singh ya fitar da shi duka biyar ɗin. Dalilin a fili yake: Ponting yana jefa ƙafar gaba da ƙarfi da hannu mai tauri, abin da ke ba shi iko a kan masu jifan gudu. A gaban mai murɗi a daɓe mai tashi, wannan taurin hannun ne ke tura ƙwallo ga mai tsaye kusa da ƙafarsa. Sai 2008 ya samu ɗari a can, 123 a Bangalore.

Kuma wannan ya kawo mu ga ma'aunin da ni na fi yarda da shi: zuwa na biyu. A wasan Tes babu ɓoyo. Kwana biyar, wasa huɗu ko biyar a jere da masu jifa iri ɗaya, ga bidiyo. Duk wanda ke da rami za a gano shi cikin shekara ɗaya ko biyu. Tambayar ita ce me ya yi bayan an gano. Virat Kohli a Ingila a 2014 maki 134 a shiga goma, James Anderson yana ta ajiye masa ƙwallo a ɗan wajen turken waje yana bin ta. A 2018 ya dawo ya tsaya a wajen layi don ya tari ƙwallo kafin ta gama lanƙwasa, ya matso ya rufe turken waje, ya koyi ƙyalewa. Maki 593, kuma Anderson bai fitar da shi ko sau ɗaya ba. Kambli an gano shi bai dawo ba. Bambancin ke nan.

Malam Lissafi:
A ƙara da cewa a 149 da Kohli ya ci a Edgbaston a rangadin 2018 ɗin an zubar da cafensa yana kan 21. Da an riƙe, da labarin rangadin ya iya canzawa. Shi ya sa ba a yanke hukunci da shiga ɗaya, mai kyau ko mara kyau.

Baba Audu:
Yara, kuna ta ƙasa da ƙwallo, kun manta da lambar da mutum ke shiga. Mai buɗe wasa yana fuskantar sabuwar ƙwallo, masu jifa ba su gaji ba, daɓe yana da danshin safiya, wani lokaci bayan ya yini kwana ɗaya da rabi a tsaye a fili, minti goma kawai aka ba shi ya ɗaura kariyar ƙafa. Na biyar yakan shigo ƙwallo ta yi oba 40, ta zama kamar tsumma, sai dai ya haɗu da ta biyu da ake ɗauka bayan oba 80. Saboda haka 45 na mai buɗewa a Ingila ba ya ƙasa da 50 na ɗan tsakiya a ko'ina. Alastair Cook 45.35 ne a wasa 161, sama da rabinsu a gida da Dukes, amma ya ci 766 a Ostareliya a rangadin 2010 zuwa 2011, ya kuma ci ɗari sau uku a Indiya a 2012, Ingila ta ci duka rangadin biyu. Sunil Gavaskar kuwa 51.12, mafi yawanci yana buɗewa, babu hular kwano irin ta yanzu. Wannan lamba ce mai nauyi.

Haka mai tsaron bayan turaku. Kumar Sangakkara 57.40 ne gaba ɗaya. A wasannin da ya sa safar tsaro wajen 40 yake, a waɗanda ya ajiye ta ya haura 66. Tsugunno sau 540 a yini yana cin ƙafa.

Maman Ilham:
Baba ya taɓo inda nake so. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ku ɗauki Lara shi kaɗai. Yana da 400 a Antigua a 2004, mafi yawa a tarihi. Daɓen shimfiɗe yake kamar tabarma, Ingila ta riga ta ci wasa uku na farko, Wes Indis ta tara 751, aka tashi canjaras. Yana kuma da 153 a Bridgetown a 1999: ana neman 308 a zagaye na huɗu, wato na ƙarshe a wasa, mutum biyar sun fita a 105, masu jifa Glenn McGrath, Jason Gillespie, Shane Warne da Stuart MacGill, aka ci da wiket ɗaya Courtney Walsh yana ɗaya gefen. A lissafin matsakaici ta farko ta ninka ta biyu fiye da sau biyu da rabi. A wurin duk wanda ya san wasan, ta biyu ce babba.

Hanya mai sauƙi ta gane irin wannan ita ce a duba kason mutum cikin makin ƙungiya, da abin da sauran mutum 21 suka yi a daɓe ɗaya. Graham Gooch a Headingley a 1991 ya buɗe wasa ya tsaya har ƙarshe da 154 cikin 252. Kashi 61 cikin ɗari. Wanda ya bi masa 27 ya samu. Masu jifa Curtly Ambrose, Malcolm Marshall, Patrick Patterson da Walsh, sama a lulluɓe. Matsakaicin Gooch 42.58 ne kawai. Steve Smith a Edgbaston a 2019, Ostareliya ta zube mutum takwas a 122, ya ci 144, ya sake cin 142 a zagaye na biyu. Ɗari a wasan da kowa ya ci hamsin ba ta kai saba'in a wasan da ba wanda ya kai talatin ba.

Ɗan Zariya:
To ai sai mu ce zagaye na huɗu shi ne ma'auni kawai. Graeme Smith 154 a Edgbaston 2008, Younis Khan 171 a Pallekele 2015 ana neman 377, Kusal Perera 153 a Durban 2019.

Malam Lissafi:
A'a ƙanena, kada a wuce gona da iri. Shigar zagaye na huɗu kaɗan ce a rayuwar ɗan wasa, kuma cike take da rashin fita na ƙananan maki idan abin da ake nema bai da yawa. Sannan yawancin wasanni a zagayen farko ake cin su. Wanda ya ci 180 ranar farko ya sa ƙungiyarsa ta tara 500, shi ya sa ba a ma buƙaci jarumtar rana ta biyar ba. Perera da ka ambata matsakaicinsa a Tes bai kai 35 ba. Shiga ɗaya ce ta tarihi, ba ta mayar da shi Sangakkara ba. Tendulkar ya ci 136 a Chennai a 1999 da ciwon baya a kan Wasim Akram, Waqar Younis da Saqlain Mushtaq, Indiya ta faɗi da maki 12. Faɗuwar ba ta rage wa shigar komai ba, kamar yadda 688 da Lara ya ci a wasa uku a Siri Lanka a 2001 ba su ragu ba don an cinye Wes Indis duka ukun.

Abban Sadiq:
Saurin cin maki fa? Yana cikin lissafi ko na wasan oba 20 ne kawai?

Baba Audu:
Yana ciki, amma kaifi biyu gare shi. A Tes lokaci kansa dukiya ne. Oba 90 a yini, zango uku na awa biyu-biyu. Wani lokaci kana so ka saye lokaci, wani lokaci kana so ka ƙone shi.

Virender Sehwag yana cin sama da maki 80 a ƙwallo 100. A Chennai a 2008 Ingila ta ajiye wa Indiya 387. Yammacin rana ta huɗu ya ci 83 a ƙwallo 68, abin da ake ganin sai dai a nemi canjaras ya koma abin ci, Tendulkar ya ƙarasa da 103. Michael Atherton kuma a Johannesburg a 1995 ya tsaya minti 643, ƙwallo 492, maki 185, don kawai kada a ci Ingila. Cheteshwar Pujara a Ostareliya a 2018 zuwa 2019 ya fuskanci ƙwallo 1,258, ya ci 521. Ostareliya masu jifa huɗu take juyawa, ya sa su komawa jifa karo na uku da na huɗu a rana, ƙafafunsu suka mutu, na bayansa suka ci gajiyar, Indiya ta ci rangadi a can karon farko. Rahul Dravid ya fuskanci ƙwallo 31,258 a rayuwarsa, babu wanda ya kai shi.

Don haka ba a tambayar wa ya fi sauri. Ana tambayar ko mutum yana da giya fiye da ɗaya, kuma yana sanin wacce wasa ke nema. Mai toshewa ana neman 250 a zango biyu ya cuci ƙungiya, haka mai ɗaga ƙwallo sama saura oba uku a tashi.

Koci Ɗanladi:
Sai zamani. Shekarun 2000 daɓe sun yi laushi, Ambrose, Walsh, Wasim, Waqar da Allan Donald duk sun ajiye a farkon shekarun, masu matsakaicin 50 suka yi yawa. Daga wajen 2018 kuma abin ya juya, ƙasashe suna shirya daɓen da zai ba da sakamako cikin kwana uku ko huɗu, musamman da aka fara gasar Tes ta duniya a 2019 inda nasara ke da maki. Sannan na'urar sake duba hukuncin alƙali, da aka gwada a 2008, ta canza bugun masu murɗi. Da can mutum yakan miƙa ƙafar gaba ya ɓoye sanda a bayanta, alƙali ba zai ɗaga yatsa ba don nisa. Yanzu na'ura za ta nuna ƙwallon turke za ta daka. Dole sanda ta kasance gaban ƙafa, kuma da zarar ta fito, gefenta biyu a buɗe suke. Richards kuwa ya yi duk wasanninsa 121 da hular yadi, yawancinsu kafin a taƙaita yawan jifan kai a oba a 1991. Ƙwallon da ke gudun kilomita 145 a awa ba ta kai rabin daƙiƙa kafin ta iso. Ba a ɗora 50 na 1980 da 50 na 2006 a sikeli ɗaya. A auna mutum da sa'o'insa na lokacin.

Ɗan Zariya:
Idan zamani ne, to Don Bradman ma a rage masa. A Ingila da Ostareliya kawai ya taɓa buga Tes, wasa 37 cikin 52 da Ingila ne. Bai taɓa taka Indiya ya buga Tes ba.

Malam Lissafi:
Rage masa duk abin da kake so, ba za ka iso shi ba. Ma'aunin da Koci ya kawo shi ne ke kare shi. Maki 6,996, 99.94. Manyan zamaninsa, da daɓe iri ɗaya da ba a rufewa idan an yi ruwa: Herbert Sutcliffe 60.73, George Headley 60.83, Wally Hammond 58.45. Tazarar kusan 40 ce. Ko ka raba da yawan shiga, 80, yana kan 87. Gwajin gano rami ma an yi masa mafi muni: a 1932 zuwa 1933 Ingila ta tsara jifan jiki musamman dominsa, Harold Larwood yana auna haƙarƙari, masu cafe sun taru a gefen ƙafa. Matsakaicinsa ya faɗo zuwa 56.57. Faɗuwar tasa ta fi matsakaicin Tendulkar na rayuwa.

Abban Sadiq:
To bari in jarraba ku. Jacques Kallis 55.37, ɗari sau 45. Lara 52.88, ɗari sau 34. Ana neman mutum ɗaya a lamba ta huɗu. Wa?

Maman Ilham:
Wane fili, kuma su wa ke sauran goman? Idan ƙungiya tana da masu jifan da za su fitar da mutum 20 kuma ana son wanda ba zai ba da wiket ɗinsa ba a Cape Town da safe, Kallis, ga wiket 292, wato masu bugun da ya fitar da jifansa, a matsayin gyara. Idan Muttiah Muralitharan ne ke jifa a Colombo, mutum biyu sun fita a maki 20, Lara ba tare da na waiwaya ba.

Baba Audu:
Wiket 292 ɗin a ajiye su gefe, Hajiya, bugu aka tambaya. Malam Lissafi, kawo mana makin su biyun a Ingila da Ostareliya da Indiya daban-daban, da na zagayen farko da na biyu, sai a ci gaba bayan isha'i.